Likita, Ɗago Kai Ka Dube Mu

  Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Allah ya jiƙan su, amin.

Yau dai sai kun yi mini afuwa, don ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, babu Alhaji, babu amarya balle uwargida. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan fara ta ne da tona wa kaina asiri. A cikin littattafan da na rubuta, mutanen da na kashe a gadon asibiti suna da yawan gaske. Duk marubucin da labari ya cije masa, ya rasa yadda zai yi da kishiya ko tsohon miji, to asibiti yake kai su. Kun kuma san yadda muke yi. Dangi na zaune a kan benci sun yi jugum, sai ƙofa ta buɗe, likita ya fito yana share gumi, ya zare tabarau, ya girgiza kai ya ce sai dai haƙuri. Shi ke nan sai kuka ya ɓarke, mu wuce babi na gaba. Ban taɓa sa ko mutum ɗaya cikin dangin nan ya miƙe ya tambayi likita abin da ya faru ba, ban kuma taɓa sa likitan ya jawo kujera ya zauna ya yi musu bayani ba. Haka na taso na ga ana yi, haka na rubuta, haka kuka karanta, duk muka ɗauka daidai ne.

Ni haifaffiyar Gyaɗi-Gyaɗi ce, kuma duk wanda ya san unguwar ya san da asibiti muke kwana da shi muke tashi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan a bakin titin Zariya, jama'a na yi masa tururuwa daga Jigawa da Katsina da Bauchi har da Jamhuriyar Nijar. A kewayensa kuwa, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni da Darmanawa da Unguwa Uku, ƙananan asibitocin kuɗi ne da wuraren awon jini da na ɗaukar hoto da kemis-kemis birjik. A cikin unguwar tamu dai akwai titin Kotu, inda Babbar Kotun Tarayya take. Wato asibiti da kotu maƙwabtan juna ne a wurinmu, amma shekara da shekaru ba kasafai za ka ga Bahaushe ya fito daga asibiti ya nufi wajen lauya ba. In abu ya faru sai mu ce kwana ne ya ƙare, mu ɗauko gawarmu mu yi gida. Ni ma a haka nake, har ranar da abin ya zo kan mahaifiyata.

Inna tana zaune ne a gidan Yayanmu a Tarauni. Shekarun baya kaɗan ta yi fama da zazzaɓi da zafin fitsari, na ɗauke ta na kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ba tonon silili na zo yi ba. A teburin da ake gwada hawan jini na gaya wa nas ɗin cewa tun da daɗewa Inna ta taɓa shan Fansidar, bakinta ya kumbura, jikinta ya yi ƙuraje. Ta ce mini "to", na ɗauka ta rubuta. Da muka shiga wajen likita, layi ne a waje har bakin ƙofa. Wallahi bawan Allahn nan bai ɗago kai ya dubi fuskar Inna ba. Ya tambayi abin da ke damun ta, kafin ta rufe baki har ya cika rabin takarda. Na buɗe baki na ce, "Likita, akwai wani magani da..." sai ya miƙo mini takardar ya ce mu je mu karɓi magani, mu dawo bayan mako guda. Kunya ta kama ni, na ja bakina na yi shiru. Maganin da ya rubuta Septrin ne, ni kuwa a lokacin ban san shi da Fansidar duk dangi ɗaya ba ne, wato dangin salfa, kuma wanda jikinsa ya ƙi ɗaya to ana guje masa ɗayan.

A kwana na huɗu idanun Inna suka kaɗa suka yi jajir, bakinta ya yi gyambo har ruwa ba ya wucewa. Muka koma, wani da muka tarar ya ce zafin zazzaɓi ne, a ci gaba da shan magani. Kafin gari ya waye fatarta ta fara saluɓewa kamar wadda aka watsa wa tafasasshen ruwa. Muka kwashe ta sai wani babban asibiti, inda Allah ya haɗa mu da wata ƙaramar likita, yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Abin da ta fara yi shi ne ta ce mu zazzage mata duk magungunan da Inna take sha a kan tebur. Tana ganin kwalin ta ɗauke shi gefe, ta tambaye mu ko an taɓa samun irin haka a baya. Mako uku Inna ta yi a kwance, kuma alhamdu lillahi ta tashi, sai dai har yau idanunta ba su koma daidai ba.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Da muka koma ƙaramin asibitin nan don mu ji ba'asi, sau uku ana ce mana likita ba ya nan. Da Yaya ya nemi a ba shi katin Inna, sai aka ce an neme shi an rasa. Yaya mutum ne mai sanyin hali, ko a ranar da Inna take tsakanin rai da mutuwa cewa yake tsautsayi ne. Amma ranar da aka ce kati ya ɓata, daga nan bai zame ko'ina ba sai ofishin lauya. Zan dawo kan yadda ta kaya a gaba, amma ku riƙe wannan: kuskuren ya jefa mu cikin tashin hankali, ɓuyan da aka yi mana shi ya kai mu wajen lauya.

Tun daga lokacin na shiga tambaye-tambaye da karance-karance a kan wannan al'amari, duk da ni ba likita ba ce, iyakata sakandare. Abin da na fahimta shi ne, yawancin abubuwan da ke jawo wa likita ƙara ko zagi a rediyo ba daga rashin ilimi suke tasowa ba. Suna tasowa ne daga kunnen da bai saurara ba, da bakin da bai yi bayani ba, da alƙalamin da bai rubuta ba, sannan a ƙarshe a ɗora da ɓoye-ɓoye.

Kafin in jero su, bari in kawar da wata magana, don na san wani zai ce ai rai da ajali na Allah ne. Haka ne, babu musu. Amma malaman fiƙihunmu tun tuni suka raba tsakanin ƙaddara da sakaci. Ƙwararren likita da aka ba izini, ya yi aikinsa yadda ya kamata, sannan mara lafiya ya rasu, babu lamuni a kansa. Wanda ya kama yi wa mutane magani alhali bai san aikin ba, wannan akwai lamuni a kansa. Ƙwararren da hannunsa ya kuskure ya ɓata abin da bai kamata ba, shi ma akwai maganar diyya. Ibn Rushd, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1198, wanda shi kansa alƙali ne kuma likita, ya kawo wannan mas'ala a cikin Bidayatul Mujtahid. Saboda haka wanda ya tambayi yadda aka yi ɗan uwansa ya nakasa bai yi jayayya da ƙaddara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan mutum 1 cikin kowane 10 da ake jinya yana cutuwa a wajen jinyar, kuma fiye da rabin wannan cutuwa abu ne da za a iya kauce masa.

Abu na farko shi ne rashin sauraro, wanda shi ne uwar kuskuren gano cuta. Cutar da ba a gano ba, ko aka gano ta a makare, tana sahun gaba cikin abubuwan da ake kai likitoci ƙara a kansu a ƙasashen da ake lissafa irin wannan. A nan garin kuwa kowa ya san hanyar da ake bi: duk zazzaɓi maleriya ne, in bai ji magani ba ya zama taifod, in ya ƙi nan ma sai a ce maleriya da taifod ne suka haɗu. Kafin a farga sanƙarau ne ko ciwon ƙoda ko kansa, lokaci ya ƙure. A Amurka an yi wani bincike a 1984 inda aka naɗi hirar likitoci da marasa lafiya, aka tarar galibi daƙiƙa 18 kacal likita yake bari mara lafiya ya yi magana kafin ya katse shi. Wani binciken na 1997 ya kwatanta likitocin da aka taɓa kai ƙara da waɗanda ba a taɓa kaiwa ba, sai aka ga waɗanda ba a taɓa kaiwa ba suna ɗaukar kimanin minti 18 da mara lafiya, su kuwa ɗaya ɓangaren minti 15. Ku duba fa, bambancin minti uku ne kawai, sai sakin fuska da tambayar ko an gane. Likita, in za ka bar tsohuwa ta kai ƙarshen maganarta, ka tambaye ta abin da take sha har da na gargajiya da na kemis, ka tambaye ta ko akwai maganin da jikinta ba ya karɓa, ka kuma gaya mata alamun da in ta gani ta dawo ko da tsakar dare ne, to ka toshe babbar ƙofa. In kunne ya ji, ai jiki ya tsira, na mara lafiya da naka duka.

Abu na biyu shi ne taɓa jikin mutum ba tare da an yi masa bayani ya amince ba. Mu mutanen Kano babu wanda zai koya mana ɗacin wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, aka ba kimanin rabinsu sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a a nan da Amurka, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, a 2011 kuma iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Ɓarnar ba ta tsaya a kan waɗannan iyalai ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, har sai 2004 aka dawo da shi, labarin Asibitin Zana yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Yarda in ta zube, wahalar kwasa gare ta.

Yau doka ta fito fili a kan wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya gaya wa mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace hanya, da kuma 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma da harshen da yake ji. Saboda haka takardar Turanci da ake tura wa miji a bakin ɗakin tiyata a ce "sa hannu a nan", alhali matar da za a yanka tana da hankalinta ba a ce mata ko uffan ba, wannan ba neman izini ba ne. Likitoci su lura, bayanin nan su yake karewa. A 2001 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani likita a Inugu mai suna Dakta Okonkwo, wanda wata mara lafiya ta rasu a hannunsa bayan ta ƙi yarda a ƙara mata jini saboda aƙidarta. Kotun ladabtar da likitoci ta same shi da laifi, amma Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Cikin abin da ya taimake shi har da cewa ƙin amincewar matar da na mijinta a rubuce suke da sa hannu.

Wannan ya kawo mu abu na uku, wato rubutu da magani. Da nas ɗin nan ta rubuta kalma uku a saman katin Inna, da duk abin da ya faru bai faru ba. Kuskuren magani iri-iri ne: a ba mutum abin da jikinsa ya ƙi, a ba yaro adadin babba don ba a auna nauyinsa ba, a haɗa magunguna biyu da ba sa jituwa, ko mai kemis ya kasa karanta rubutun likita ya yi cinta da kansa. Sai kuma lokacin canjin aiki, inda na safe zai tafi bai gaya wa na dare cewa mai gado na shida tana zubar da jini ba, ko sakamakon awo ya fito ya kwana a aljihun tebur babu wanda ya duba. Lauyan da Yaya ya je wurinsa ya gaya masa cewa a gaban alƙali, abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Likitan da ya rubuta ranar da ya ga mutum da lokacin, da abin da ya gani, da abin da ya gaya masa, ya ajiye wa kansa shaidar da ba ta mantuwa. Wanda kuwa ya koma ya goge ko ya ƙara wani abu bayan ta ɓaci, ko ya ce kati ya ɓata, ya saya wa kansa zargin da ya fi laifin farko muni.

Abu na huɗu shi ne ɗakin tiyata. A nan ne ake samun kurakuran da ba su da bakin kare kai, kamar a manta auduga ko almakashi a cikin mutum, ko a yi aiki a ɓangaren da lafiyarsa ƙalau. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a farkon 2026 ba, lokacin da wata uwa ta rasu bayan an gano almakashi a cikinta watanni da yi mata aiki, har Hukumar Kula da Asibitocin Jiha ta dakatar da ma'aikata uku. Abin takaici, maganin wannan ba ya bukatar injin miliyoyi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin tiyata a matakai uku: kafin a sa mutum barci, kafin a sa wuƙa, da kafin a fitar da shi. A tabbatar da sunansa da aikin da za a yi da wurin da za a yanka, a tambayi maganin da jikinsa ba ya karɓa, a tanadi jini in ana tsoron zai zuba, sannan a ƙirga auduga da allurai da kayan aiki a tabbatar sun cika. An gwada ta a asibitoci takwas a ƙasashe takwas, har da wani asibitin karkara a Tanzaniya, sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin 100, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7. Takarda ce fa guda ɗaya. Amma ba za ta yi aiki ba sai in ƙaramar nas tana da bakin da za ta ce wa babban likita, "Ranka ya daɗe, auduga ɗaya ba ta cika ba," shi kuma ya tsaya ba tare da ya ga an raina shi ba. Girman kai a ɗakin tiyata rai yake ci.

Abu na biyar shi ne jinkiri da riƙe abin da ya fi ƙarfinka. Mace na naƙuda tana zubar da jini a ce sai an kawo kuɗin ajiya, ko a kawo wanda mota ta kaɗe a ce sai an zo da ɗan sanda. Dokar 2014 ɗin nan ta haramta ƙin karɓar mara lafiya na gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A 2017 aka ƙara wata dokar da ta tilasta karɓar wanda aka harba da bindiga ko babu takardar 'yan sanda. Ɗaya fuskar jinkirin ita ce ƙaramin asibiti ya riƙe mara lafiya kwana da kwanaki yana ta ƙarin ruwa, sai ya ga rai ya kusa fita sannan ya ce a tafi asibitin Malam. Daga Tarauni zuwa can tafiyar 'yan mintoci ce a A-daidaita-sahu. Likitan da ya san iyakarsa, ya rubuta takardar turawa da wuri, ya bayyana abin da ya riga ya bayar, mutuncinsa ƙaruwa yake yi.

Abu na shida, wanda a ganina ya fi duka, shi ne abin da ake yi bayan an yi kuskuren. Na san tsoron da likita yake ji, gani yake in ya amsa laifi ya miƙa wa lauya wuƙa da nama. To ga abin da aka gani a aikace. Tun daga 2001 asibitocin Jami'ar Michigan a Amurka suka sauya tsari, suka ce duk lokacin da suka yi kuskure za su gaya wa mara lafiya da kansu, su ba shi haƙuri, su yi masa tayin diyya tun bai nema ba, in kuwa sun bincika sun ga ba su da laifi to za su kare ma'aikacinsu. Binciken da aka buga a 2010 ya nuna ƙararrakin da ake shigarwa a kansu sun ragu da fiye da rabi. A Ingila kuwa tun 2014 doka ta wajabta wa asibitoci faɗa wa mara lafiya gaskiya in an cutar da shi. In haka ta yiwu a ƙasashen da ake kai ƙara a kan abu kaɗan, ina ga mu da aka yi wa tarbiyya da yafiya?

Ga yadda tamu ta ƙare. Bayan takardar lauya ta isa, sai ga mai asibitin da kansa ya zo gidan Yaya da yamma, dattijo ne mai furfura. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma a gaban Inna, ya ce, "Hajiya, mun yi kuskure. An gaya mana maganin da jikinki ba ya so, ba mu rubuta ba, da kuka dawo kuma ba mu gane ba. Ki yafe mana." Ya ce zai biya duk abin da aka kashe, ya kuma ce daga ranar babu katin da zai shiga wajen likita sai an yi wannan tambayar an rubuta amsar da jan biro. Inna ta daɗe tana kallon sa da idanun nan nata masu ciwo, sannan ta ce, "Ɗan nan, da tun farko ka zo, ai da ba a kai ga haka ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Washegari Yaya ya je ya janye maganar. Ni kuwa na daɗe ina tunanin watanni biyun da aka yi ana wasan ɓuya da mu, alhali zaman rabin sa'a ya ishe mu.

Kada likitoci su ɗauka na zo cin mutuncinsu ne. Ina da maƙwabciya likita, ina ganin ta tana dawowa gida bayan ta kwana biyu a bakin aiki, ko sallama da ƙyar take amsawa. A 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 55,000 ne suke da lasisi a ƙasar nan mai mutum fiye da miliyan 200, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Ba mu manta ba, a watan Janairun 2020 likitoci biyu na asibitin Malam suka rasa rayukansu da zazzaɓin Lassa da suka ɗauka a wajen ceton rai. Wanda bai yi barci ba dole hannunsa ya yi rawa, saboda haka duk shugaban asibiti ko gwamnatin da ta bar likita ɗaya da layin mutum ɗari, ta bar ɗakin tiyata babu wuta babu jini, tana da kaso mai tsoka a cikin kowane kuskure. Amma gyaran wannan zai ɗauki shekaru, ɗago kai da yin tambaya kuwa gobe da safe za a iya farawa.

Mu ma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna ɓoye wa likita jiƙe-jiƙen da muka sha, muna kai mara lafiya sai ya galabaita, muna yanke magani da mun ji sauƙi, muna jin kunyar tambaya kamar yadda na ji a ranar nan, wanda har yau ina cizon yatsa a kai. In kuma abu ya ɓaci sai mu tsallake hanyar da ta dace mu kama zagi ko dukan ma'aikata, wanda laifi ne babba kuma ba ya dawo da kowa. Hanyoyi suna nan. Asibitocin tarayya suna da ofishin SERVICOM na karɓar koke. Jihar Kano tana da hukumar PHIMA mai sa ido a kan asibitocin kuɗi. Sannan akwai hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, wadda ake kai wa ƙorafi da takardar rantsuwa, kwamitinta ya bincika, kotunta kuma tana iya jan kunnen likita, ko dakatar da shi, ko soke sunansa gaba ɗaya.

Likitocinmu su sani zamani ya juya. 'Ya'yan waɗanda suke cewa kwana ne ya ƙare yanzu sun yi karatu, suna da waya a hannu, kafin ka cire safar hannu labari ya kai Facebook, da dare kuma a ji shi a Inda Ranka. Haƙurin Bahaushe da kuka daɗe kuna jingina da shi ba zai ci gaba da ɗaukar ku kamar da ba. Wannan hannunka mai sanda ne daga 'yar uwarku, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ni dai na yi wa kaina alkawari, a littafin da nake rubutawa yanzu akwai likita, kuma in ya fito daga ɗakin nan ba zai girgiza kai ya wuce ba. Zai nemi wuri ya zaunar da dangin, ya gaya musu abin da ya faru dalla-dalla da Hausar da za su gane, ya kuma tsaya ya amsa tambayoyinsu. 'Yan uwana marubuta, ku ma ku gwada, don abin da mutane suka saba karantawa shi suke sa ran gani.

Allah ya ba likitocinmu ikon riƙe amana, ya ba mu lafiya mai amfani, ya raba mu da tsautsayi da asara. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.

Wassalam.